Mun ci tuwonsu, mun rushe musu murhu

Makon jiya wani abokin aikina ya turo mini saƙon murya a WhatsApp, irin wanda ake cewa "don Allah ka tura wa mutum goma". Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya yi minti bakwai yana rantse-rantse cewa ƴan daudu da duk mai kama da su kayan Turawa ne, da kuɗin ƙungiyoyi aka shigo da su ƙasar Hausa, kuma nan gaba kaɗan za a buɗe musu cibiya a garuruwanmu kamar yadda aka yi a Amurka. Ya rufe da cewa duk inda aka ga ɗaya, kada a tsaya jiran hukuma. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni barci, ita ta sa na zauna rubutu, ko da yake na san sunan da wasu za su laƙaba mini tun kafin su kai rabin shafi.

Bari in share fage. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, a unguwar Dagmanet ta Agadas nake zaune, shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli. Ban zo halatta abin da Allah ya haramta ba. Hukuncin luwaɗi a littattafan Malikiyya sananne ne, ni kuwa ban kai in ja da malamai a kansa ba. Da ƙarya na zo yin rigima, da kuma ragwancin da ya haife ta.

Tunda mai saƙon ya tsorata mu da cibiyar Amurka, mu leƙa ta, don yawancin masu ambatonta ba su san ko a wane gari take ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna tana birnin New York, kuma a 1983 aka kafa ta. Ginin tsohuwar makaranta ce ta koyon sana'ar abinci da aikin jiragen ruwa, hukumar birni ta sayar musu a kan dala miliyan ɗaya da rabi. A lura da shekarar. A 1981 likitoci suka fara ba da labarin wata baƙuwar cuta mai kashe samari a New York da Los Angeles, wadda muke kira sida a nan, ƴan'uwanmu na Najeriya suke kira ƙanjamau. Iyaye suna korar ƴaƴansu, masu gidajen haya suna fitar da marasa lafiya, har masu sana'ar shirya gawa wasu suka ƙi taɓa su. A cikin wannan hali ne mutanen suka nemi rufin da za su taru a ƙarƙashinsa, mutum ya ji wane likita zai duba shi, wane lauya zai tsaya masa, wa zai kai masa abinci in ya kwanta. A wannan gini, cikin watan Maris na 1987, aka kafa ƙungiyar ACT UP, wadda ta addabi gwamnatin Amurka da kamfanonin magani har aka hanzarta gwajin magungunan cutar da fitar da su. Ƙwayar da ake raba wa masu sida kyauta a asibitocinmu yau, wadda ke riƙe da matan aure da jariran da ba su ji ba su gani ba, akwai ɗan bashin waccan hayaniya a kanta, mun so ko mun ƙi.

Ba na neman a cicciɓo wannan gini a dasa a Kano ko Agadas, kuma zan dawo kan dalili. Amma ka sauke tutar, ka cire allon suna, ka duba abin da ya rage: makwanci ga korarre, abin sawa a baki, sana'a, mai jinyarka, mai bin gawarka. Wannan kam ƙasar Hausa ta riga New York samunsa. Ba mu dai taɓa rubuta masa suna a bakin ƙofa ba.

Sunansa gidan mata, sunansa rumfar abinci ta bakin tasha. Duk wanda ya haura arba'in, ya kuma taɓa hawa mota daga Agadas zuwa Damagaram ko daga Maraɗi zuwa Katsina, ya san abin da nake faɗa, sai in yana son ya yi wa kansa ƙarya. Lokacin da nake makarantar horon malamai a Damagaram, akwai wani dattijon ɗan daudu mai tuwon shinkafa da soyayyar kaza kusa da tasha. Zane yake ɗaurawa a kan wandonsa in zai yi girki, muryarsa siririya, bakinsa ya fi reza. In wata ya yi nisa aljihu ya bushe, wurinsa muke zuwa, mu ci ya rubuta a ƙwaƙwalwa, don bai iya boko ba. In ka yi jinkirin biya sai ya jefe ka da habaicin da za ka kwana kana warwarewa, amma gobe ka dawo zai zuba maka. Yana da mata da ƴaƴa a ƙauyensu, in an kira salla yana rufe tukunya ya yi alwala. Cikin waɗanda suka ci bashin tuwonsa akwai masu riƙe da manyan ofisoshi yanzu. Ina so ɗaya daga cikinsu ya dube ni ya ce wata ƙungiyar Turawa ce ta koya wa wannan tsoho ɗaura zane.

In shaidar malamin firamare ba ta isa ba, ga ta takarda. Kundin dokokin laifuka na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, zamanin Sardauna, ya saka namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin ƴan zaman banza da za a iya hukuntawa. Ba a yi wa abin da babu shi doka. A shekarun 1970 Renée Pittin ta zauna a Katsina tana nazarin gidajen mata masu zaman kansu, ta tarar da ƴan daudu a ciki suna girki suna kai-kawo. A 1983 Salisu Abdullahi da Gerald Kleis suka wallafa nazari a kansu. Rudolf Gaudio ya fara zama da su a Kano a farkon shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, wato Allah ne ya yi mu. Ita kanta kalmar daudu masana suna danganta ta da Ɗan Galadima, iskan nan na bori, ɗan sarki mai ado da kyauta da caca. Bori kuwa ya girmi zuwan Bature da ƙarnoni. Har fim an yi, marigayi Rabilu Musa ya fito a Ibro Ɗan Daudu, muka saya da kuɗinmu muka kalla da iyalanmu muna ƙyaƙyata dariya.

Yadda wurin yake tafiya shi ne abin lura. Yaro ya taso da tafiyar da ba ta yi wa ubansa daɗi ba, an daka an daka ba ta canza ba, ranar nan sai ya sulale ya shiga birni. A tasha zai sauka. Wani babban ɗan daudu ya ɗauke shi, ya zama uwar ɗakinsa, ya fara da wanke-wanke da fige kaji, ya koyi tuya, ya koyi ciniki, ya koyi magana. In ya yi hankali ya shiga adashi, wata rana a yi masa biki ko ajo abokai su tara masa jari ya kafa tasa tukunya. Wasu sun tara har sun tafi Jidda da Makka neman kuɗi da girki, sun dawo da sunan Alhaji, sun gina wa iyayen da suka kore su ɗaki. In ciwo ya kama shi akwai mai kai shi asibiti. In ya mutu akwai mai aika wa danginsa.

Ba zan shafa wa wurin zuma ba. A gidajen nan akwai karuwanci, akwai kawalci, akwai giya da caca, akwai babban da ke cin gumin yaro shekara da shekaru, akwai kuma luwaɗi a wurin waɗansu. Amma gari ya san inda suke, mai unguwa ya san magajiyar gidan, magajiya ta san kowa da sunan garinsu. In an yi ɓarna akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Kuma kakanninmu, waɗanda ba mu fi su tsoron Allah ba, sun san bambancin da mu muka manta: daudanci abu ne da ido ke gani, rangwaɗa da fari da lanƙwasa murya, luwaɗi aiki ne da ake yi a ɓoye. Akwai ɗan daudun da bai taɓa yi ba. Akwai kuma mai gemu da babbar riga, mai murya kamar ta sa, wanda ya ƙware a kai, ba wanda ya taɓa nuna shi da yatsa.

Sai aka shiga shekara ta 2000. Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999, Kano ta bi baya a 2000, a 2003 aka kafa hukumar Hisbah da doka. Ban ƙi shari'a ba, talakan da ya yi tururuwa zuwa Gusau adalci ya je nema. Amma a tambayi tarihi, ƙofar wa aka fara bugawa? Ta ɓarawon gwamnati, ko ta bazawara mai ɗaki ɗaya da mai tuyar kaza? Aka rufe gidajen mata, masu gidaje suka kori ƴan haya don tsoro, jama'a da dama suka tsallako iyaka zuwa ƙauyukan yankin Maraɗi. Mu ma ba mu tsira ba. A Nuwamban 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, wanda Alphadi ya fara a 1998 nan kusa da mu a Tigidit, bikin yana can wajen Yamai amma a Maraɗi wuta ta tashi, kuma ɗakunan matan da ba su da mai tsaya musu na cikin abin da ta ci. Jifa ta wuce kan mai mota, ta sauka kan mai tallan ƙosai.

A watan Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Kowa ya riƙe shekara 14 ɗin da aka tanadar wa masu auren. Kaɗan ne suka karanta sashen da ya tanadi shekara 10 ga duk wanda ya yi rajistar ƙungiya ko kulob na irin waɗannan mutane, ko ya tafiyar da shi, ko ya shiga, ko ya tallafa. Ma'ana taruwar kanta ta zama laifi. A watan nan jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a a Bauci suna neman a miƙo musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. A Fabrairu aka bi gida-gida a unguwar Gishiri ta Abuja ana jawo samari ana duka. A Afrilun 2017 aka kama mutum 53 a Zariya, a Disamban 2022 Hisbah ta kama 19 a Kano, a Oktoban 2023 aka kama 76 a Gombe. Kullum labarin ɗaya ne, wai ɗaurin auren jinsi, waɗanda aka kama kuma sau da yawa su ce bikin zagayowar haihuwa ne. Ka dubi hotunan da ake bazawa: ɗalibai, teloli, masu kitso, yaran da takalminsu ma ya tsinke. Ban taɓa ganin mai katanga da maigadi a cikinsu ba. Mali ta yi tata dokar a 2024, Burkina Faso a 2025, mu ma nan masu kiran a ɗaure suna ta ƙaruwa, ana tafa musu.

To mu mutanen Agadas, in kowa bai san abin da irin wannan doka take haifarwa ba, mu mun sani, don a kanmu aka gwada da wata fuska. A 2015 aka yi dokar nan mai lamba 36 ta hana safarar baƙin haure, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016. Kafin nan kowace Litinin ayarin motoci ke tashi zuwa Dirku a idon kowa, da rakiyar soja, ana bin rijiyoyi, an san direba an san mai gidan da ya sauki baƙi. Da aka kama direbobi aka ƙwace motoci, matafiya sun daina tafiya? Ko kusa. Kuɗin mota ya ninka, aka koma tashi da dare, aka kauce wa rijiyoyi don jami'ai suna can, in direba ya hango ƙura sai ya zubar da mutane ya tsere. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a hanyar Dirku bayan motarsu ta lalace, har da jarirai. A Nuwamban 2023 aka soke dokar, garin nan aka yi ta murna. Mu da muka ga wannan da idonmu, yaya za mu yarda cewa in an rushe rumfa mai rumfar ya ɓace daga duniya?

Bai ɓace ba, waya ya koma. Yaron da a da zai sauka hannun dattijo mai tukunya, wanda ko ba komai zai koya masa sana'a ya hana shi kwana da yunwa, yanzu hannun baƙo yake faɗawa a Facebook, a kira shi wani kango a tuɓe shi a ɗauki hotonsa, a ce ya kawo kuɗi ko a tura wa ubansa. Ba zai iya kai ƙara ba, don in ya shiga ofishin ƴan sanda shi za a fara riƙewa. Asibiti ma haka. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka wallafa a 2015, ya bi maza masu neman maza kafin dokar 2014 da bayanta: masu cewa suna tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 38. Ƙididdigar hukumomin lafiyar Najeriya ta 2014 ta sami cutar a jikin kusan kashi 23 cikin ɗari na irin waɗannan maza, alhali babban binciken ƙasa na 2018 ya sami kashi 1.4 a tsakanin manya gaba ɗaya. Da yawansu kuwa magidanta ne, don a ƙasar Hausa kowa aure yake yi. Wanda ya ƙi zuwa gwaji don tsoro, gida yake komawa da dare, wurin ƴar mutane da aka kai masa da guɗa. Mai saƙon murya ya taɓa tuna ta?

Su ma Turawa ba zan wanke su ba, kuma nan ne dalilin da ya sa na ce ba na son a dasa mana gini mai tuta. A 2011 Firaministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu wannan hali. Bai yi wata biyu ba majalisar dattawan Najeriya ta amince da ƙudurin, kowane ɗan siyasa ya sami hanyar zama jarumi a arha. Cameron ya koma gidansa ya yi barci, mai tuyar kaza a Sabon Gari shi ya biya. Duk ranar da wani ofishin jakadanci ya ɗaga tuta mai launin bakan gizo don a tafa masa a ƙasarsu, wani talaka a nan yake kwana da fargaba. Sun ɗauki mutanen da harshenmu yake da sunansu tun kaka da kakanni, sun liƙa musu haruffan da ko su kansu ba su iya furtawa, mu kuma muka karɓa da hannu biyu, don ya fi mana sauƙi mu ce baƙo ne da mu ce ɗan yayata ne.

Ga masu cewa kishin addini ne, ina da tambaya. Suratul Hujurat da ta hana mu yawan zato da binciken asirin mutane, an shafe ta ne? Wannan fiƙihun da ya tsananta hukunci shi ne ya tsananta shaida, har ya ce wanda ya jefi mutum da wannan laifi bai kawo shaidun da aka gindaya ba, shi za a yi wa bulala tamanin. A wane babi aka ce rangwaɗa shaida ce? A wane littafi aka ba ƴan unguwa hurumin alƙali, da gora da fetur? Addinin da ya sa shinge bayan shinge don kada a tona asirin bawa, mun mayar da shi lasisin shiga ɗakin mutane da kyamarar waya.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. A bar mai tukunya da tukunyarsa. Likita ya duba mara lafiya ba tare da ya zama ɗan rahoto ba. Wanda ya taɓa yaro ƙarami, ko ɗan daudu ne ko mai rawani, a kai shi gaban alƙali a hukunta shi. Mu kuma malaman makaranta mu kama bakinmu, don a ajinmu ake fara korar.

Na faɗi haka ne don ni na yi. Shekaruna na farko a aiki ina da wani ɗalibi a aji shida, mai kyan rubutu, lissafi ba ya ba shi wuya. In an fita hutu wurin ƴan mata yake zuwa, in zai yi magana sai ya karya wuya ya juya hannu. Wata safiya na kira shi allo, yana tafe yana rangaji, ni kuma don in burge aji sai na bi bayansa ina kwaikwayon tafiyarsa. Aji ya fashe. Na kira shi da wani sunan mata, sunan ya bi shi har unguwa, har kunnen ubansa. Bayan kwana biyu ya zo da kumburarren ido. Kafin jarrabawar satifika ya daina zuwa, ni kuwa na ja layi a kan sunansa a rajista na ci gaba da darasi.

Bayan wajen shekara takwas na sauka a wata tasha a hanyar arewa, na zauna a wata rumfa na ce a zubo mini shinkafa. Mai zubawar ya ɗago, sai ga shi. Yana aiki ne ƙarƙashin wani tsohon ɗan daudu mutumin kudu, ya yi ƙiba, hannunsa duk tabon mai. Ya rusuna ya ce, "Mushe, barka da hanya." Ya cika mini kwano ya ɗora cinyar kaza. Na miƙa kuɗi ya ja da baya, ya ce, "Haba Mushe, ai ba a karɓar kuɗin uba." Na ci, abincin yana tsaya mini a wuya. Na so in ce ya yafe mini, mota ta yi oda, na tashi.

Daga baya na ji maƙwabta sun yi ta ƙorafi har aka tashi rumfar. Tsohon ya tattara tukwanensa ya koma garinsu. Shi yaron ba gidan da zai koma, sai ya bi wani direba zuwa Libiya, a shekarun da ake tashi da dare ana kauce wa rijiyoyi.

Uwarsa tana nan da rai, ba nisa da mu. Duk bayan wata biyu ko uku takan yi sallama a ƙofar gidana bayan la'asar, ta zauna a bakin tabarma, mu gaisa, ta tambayi yara. Can sai ta ce, "Malam, a sake duba mini a cikin wayar nan, ko Allah zai sa." In rubuta sunansa a Facebook da rubutun Faransanci, in sake da na Hausa, in gwada da laƙabin da take kiransa da shi yana ƙarami, muna bin hotunan baƙi ɗaya bayan ɗaya tana matso da fuska don idonta ya yi rauni. In mun gama in ce, "Inna, yau ma ba a dace ba." Ta ce ba komai, ta yi mini addu'a, ta ce ai ta san duk cikin malamansa ni na fi ƙaunarsa, don kullum sunana yake ambata. Har yau ban gaya mata abin da ya faru a gaban allo ba.